Saura Damina Ɗaya

Duk wanda ya taɓa zama Rikoto, a nan cikin garin Zuru, ya san Saloma mai daddawa. In bai san sunanta ba, hancinsa ya san ƙofar gidanta. Gajeriyar mace ce kakkaura, da tsage a kumatu irin na Lelnan da, 'yan asalin ƙasar, ga kaifin baki. Ka taya daddawarta da raini, ba sai ta zage ka ba, kallo ɗaya za ta yi maka ka ji kamar ka manto wandonka a gida. Yara suna ce mata Maman Rahila, manya kuma Matar Saje, domin mijinta Sila da igiya uku a hannu ya bar aikin soja.

A Dabai aka haife ta, a gidan manoma da ke gindin dutse. Ita ta fara ganin Sila a filin kokawa ranar Uhola, bikin kaka na Lelna, ya ɗaga wani ƙato ya nana da ƙasa, sannan ya tsaya yana sosa ƙeya kamar wanda ya yi ɓarna. Ta ce wa ƙawayenta wannan ne, ba ta kuwa sake magana ba. To amma Lelna ba sa ba saurayi mata don ya iya kokawa. Sai ya yi golmo, wato shi da sa'o'insa su riƙa nome gonar uban yarinya damina bayan damina har bakwai, rana ta gasa su, ƙaya ta sha jininsu. Duk tsawon lokacin nan ba ya cin abinci gaban uwar yarinya, ba ya zama inda ta zauna, ba ya ɗaga ido ya dube ta. Sila ya yi shida lafiya lau. Ana shirin ta bakwai yaƙin basasa ya ɓarke, motar ɗaukar soja ta tsaya a Zuru, samarin ƙasar suka yi ta hawa kamar ana rabon nama, har da shi.

Da ya dawo da ransa, uban Saloma ya ce wanda ya tsallake irin wannan wuta ba a sake miƙa masa garma. Aka ba shi matarsa. An kai ta lulluɓe da wata atamfa mai ruwan ganye da ya sayo mata a Kaduna, abin da ba a saba gani ba a Dabai ta lokacin, aka yi ta zancensa har kaka ta zagayo. Uwarta ce kaɗai ba ta yafe ba, ko kuma ta yafe amma ta riƙe abin tsokana. Duk sanda ya zo hutu ya durƙusa gaishe ta, sai ta kawar da kai ta ce, "Soja, saura damina ɗaya hwa." Shi kuma ya amsa yana kallon ƙasa, yana murmushi, "Zan yi, Inna." Haka suka yi ta yi har tsohuwar ta koma ga Mahaliccinta.

Saloma ta bi shi bariki bariki, Kaduna, Makurɗi, Fatakwal, ko'ina da tukunyarta da buhun kalwarta, tana kasa daddawa a kasuwar mami ta cikin bariki. Ta haihu ta binne, ta haihu ta raina. Ɗansu namiji guda da ya girma ya bi sawun ubansa ya shiga soja, aka tura shi Borno, akwatinsa na ƙarfe kawai aka kawo musu. Rahila ta yi aure a Kaduna. Da Sila ya yi ritaya suka gina ɗaki biyu a Rikoto, da ɗan fili a baya inda Saloma ke shuka kuɓewa da yakuwa.

Kada wani ya zaci zaman tattabaru suka yi. Faɗa suke yi kan gishiri, kan rediyo, kan waye ya bar akuya ta shiga. Amma Sila yana da wani kira da yake yi mata tun suna bariki, ya tsaya a ƙofar gida ya ja sunan gaɓa-gaɓa kamar yana ba da umurni a fareti: "Sa-lo-ma!" Ita kuma ta amsa daga bakin murhu, "Ban mutu ba!" Maƙwabta har sun haddace. Maƙwabciyarsu Adama, wata tsohuwa mai tuyar ƙuliƙuli da suka shekara suna aron wuta ta kan katanga, takan ce ita ba ta bukatar agogo, kiran Saje ya ishe ta sanin azahar ta gabato.

Wannan kiran shi ne abin da ya fara ɓacewa.

Da farko ƙananan abubuwa ne. Ya ajiye makulli cikin tukunyar miya. Ya tafi coci ranar Talata sanye da kwat, ya zauna shi kaɗai yana mitar mutane sun daina tsoron Allah. Saloma ta yi ta zolayarsa, ita da Adama suna dariya. Dariyar ta tsaya ranar da ɗan acaɓa ya dawo da shi daga hanyar Ribah, wai ya same shi yana tafiya bai san inda za shi ba. Rahila ta zo ta kai shi babban asibiti a Sakkwato. Likita ya ce ciwon mantuwa ne na tsufa, ƙwaƙwalwa ce take ƙanƙancewa, akwai maganin da zai ɗan kwantar da shi amma babu wanda zai dawo da abin da ya tafi, gaba ma sai abin da ya ƙaru. Saloma ta saurara da kyau, ta yi godiya, suna fitowa ta ce wa Rahila wannan yaron ko gemu bai gama fitarwa ba, ina ya san tsufa.

Ana nan sai aka buɗe gidan caji.

Ba sunansa ke nan ba, tsofaffin Zuru ne suka raɗa masa. Wani kamfani ne ya kama babban shago kusa da tasha, aka jera kujerun roba, aka shimfiɗa wasu tabarmi masu kauri a kan gadaje, kowace da wayarta da ke shiga wani akwati mai ƙiftawa da koren haske. Kyauta ne, an ce, sai wanda ya ga dama ya sayi tabarmar ya kai gida. Mai kula da wurin wata mata ce 'yar ƙasar, Peculiar, tana sa farar riga kamar ta nas ko da yake ba wanda ya san asibitin da ta yi aiki. Allah ya ba ta baki. Kowace safiya sai an yi waƙa an tafa, sannan ta ɗaga wayar hannunta sama.

"Iyayena, in wagga waya ta mutu, binne ta kuke yi?"

"A'a!"

"Mi kuke yi mata?"

"Caji!"

"To jikin mutum ma haka shike. Ƙwayoyi na cikin jikinmu ƙanana ƙanana, ido ba ya ganinsu, kowace da wutarta. Tsuhwa ba komi ba ne, wutar ce ke raguwa. Wagga tabarma tana fidda ƙarfin lantarki da maganaɗisu, shi ratsa nama, shi ratsa ƙashi, shi tada ƙwayoyin da sunka kwanta. Ciwon gwiwa, hawan jini, suga, mantuwa, duk ɗiyan tsuhwa ne. In an kori uwar, ɗiya na biye. Shekaru ragewa sukai, iyayena, baya sukan koma!"

Ko abin yana yin wani amfani ko ba ya yi, wannan sai masu ilminsa. Amma cewa yana mayar da shekaru baya, ai ko akuyar Saloma aka gaya wa sai ta yi atishawa. Sai dai wanda ruwa ya ci, ko takobi aka miƙa masa kamawa zai yi. Saloma ta ji kalmar mantuwa a cikin jerin, ba ta ƙara jin komai ba.

Jama'a sun yi yawa, har daga Bena da Wasagu ake zuwa, don haka aka kafa doka: gida ɗaya, mutum ɗaya a yini. Saloma ta riƙa tashi da sassafe ta yi wa Sila wanka, ta sa masa riga, ta riƙo hannunsa har tasha. Ya kwanta a miƙe kamar gawar soja, akwatin yana ƙyas-ƙyas a gefen kansa, ita tana zaune tana kallon fuskarsa, tana jiran ya buɗe ido ya ja sunanta. Kalwarta ta yi ta lalacewa a tukunya, masu sayen daddawa suka koma wani gida, ko a jikinta.

Rani ya wuce a haka. Abin da likita ya faɗa kuwa yana ta tafiyarsa, ba ruwansa da tabarma. Sila ya manta ya yi ritaya, ya riƙa neman takalmansa na soja da asuba yana cewa za a yi masa horo in ya makara. Can ya manta bariki, ya koma bakin daga, in babur ya yi ƙara sai ya kwanta rub da ciki a tsakar gida. Saloma tana lura da yadda yake sauka, daga tsoho zuwa magidanci, daga magidanci zuwa ƙaramin soja, sai zuciyarta ta fara ɗinka abin da bai kamata ta ɗinka ba. An ce shekaru baya suke komawa. To ga su nan suna komawa.

Ranar da aka yi ruwan shuka, ta fito da kunu ta same shi a bayan gida ya tono tsohuwar garma daga cikin tarkace, ya tuɓe riga, yana ta huɗa. Kuɓewarta da take yi wa ban ruwa har ta fara tsiro duk ya kife ta. Ta buɗe baki za ta sauke masa kwandon masifa, sai ya waiwayo ya gan ta. Nan take ya saki garmar, ya durƙusa, ya sunkuyar da kai, ya gaishe ta da harshensu na C'lela, irin gaisuwar da ba ta ƙara ji ba tun rasuwar uwarta.

"Inna, an tashi lahiya?"

"Wace Inna? Sila, ni ce."

"Na dawo in cika, Inna. Saura damina ɗaya." Sannan ya tambaya a hankali, idonsa a ƙasa, cike da kunya, "Saloma tana lahiya?"

Kwanon kunun bai faɗi daga hannunta ba. Ta ajiye shi a gabansa, ya ƙi taɓawa. Ta tsaya, ya ƙi. Sai da ta koma bayan ɗaki ta laɓe sannan ta ji yana sha. A nan ta zauna kan turmi ta yi kukan da ba ta yi ba ko ranar da aka kawo akwatin ɗanta.

Daga ranar gidan ya zama gidan surukai. In ta shigo ɗaki ya fita. In ta zauna a tabarma ba ya ƙara hawanta. Wanka ya gagara, don ina suruki zai tuɓe gaban uwar matarsa, sai dai ta roƙi wani dattijon coci ya zo ya taimaka. Ya kwashe shimfiɗarsa ya koma zaure. Mutumin da suka yi shekara hamsin da ɗoriya suna jan bargo ɗaya, yanzu in sun yi kiciɓis a ƙofa sai ya manne da bango ya ba ta hanya. Kuma kullum, in ya gama huɗe filin nan da bai fi shimfiɗar zanin gado huɗu ba, ya rushe kunyoyin ya sake huɗawa, sai ya tambaya ko Saloma tana lafiya.

Ta je ta gaya wa Peculiar, tana tsammanin za a ce mata an yi kuskure, a juya wani maɓalli. Peculiar ta saurara rabi da rabi, idonta ya yi haske, ta jawo ta gaban jama'a.

"Ku ji shaida! Baba Saje da anka kawo ba shi iya ɗaga ƙahwa, yau garma shika riƙo! Noma shikai kamar saurayi! Mama, ba haka ba ne?"

"Haka ne," in ji Saloma, don haka ɗin ne.

Aka tafa, aka yi guɗa, wata tsohuwa ta tashi ta taka rawa. Saloma tana tsaye a tsakiya ana tafa mata, ba ta taɓa jin kaɗaici irin na ranar ba.

A hanyar gida ta yi lissafinta, lissafin da ba wanda ya taya ta. Tabarmar nan ta yi aiki, har ta wuce gona da iri. Ta ɗauki Sila ta kai shi can baya, lokacin da yake saurayi, ta bar ta ita a nan cikin tsufa. In ya ci gaba da kwanciya zai zarce, ya koma yaro, lokacin da bai ma san akwai wata Saloma a duniya ba. Dole a tsayar da shi inda yake. Ita ce ya kamata ta bi shi. In shekarunta suka ragu, fatarta ta miƙe, ta iske shi a can, zai ɗaga ido ya ga wadda yake nema.

Ta gaya wa Adama ta kan katanga. Adama ta ajiye matsamin ƙuliƙulinta ta dube ta.

"Matar Saje, ke da hankalinki? Tsuhwa riga ce da za a tuɓe? Abin da ya ci Doma ba shi barin Awe, ni da ke duk muna hanya."

"Ban tambaye ki wa'azi ba. Ki duba mani shi in na tahi, kar shi bi hanya."

"Zan duba. Amma in kin koma budurwa ki rago mani, ni ma Malam ya hwara kallon waje."

Suka yi dariya, irin wadda ake yi don kada a yi wani abin.

Haka Saloma ta karɓe layin mijinta. Duk daminar nan ba ta yi fashi ba, ko ana ruwa kamar da bakin ƙwarya sai ta yafa buhu ta tafi. Ta kwanta, ta rufe ido, ta ji ɗan ɗumi a gadon bayanta da ƙyas-ƙyas ɗin akwatin, tana roƙon Allah da bakin da bai saba roƙo ba. Ba ta roƙi tsawon rai ba, ba ta roƙi lafiya ba. Fuskarta ta da kawai take so, ko ta yini ɗaya. Gwiwoyinta sun ɗan yi sauƙi, gaskiya, ko da yake mace ce da tunda aka haife ta ba ta taɓa kwanciya da rana ta huta ba sai a wannan gadon. Ta ɗauki sauƙin a matsayin alama. Ta sayi baƙin rini ta shafe furfurarta, matan zumunta suka yi ta ƙus-ƙus a coci, wai Matar Saje ta fara gyaran gangar jiki miji na kwance ba lafiya. Ta ji, ta share. Rahila ta bugo waya tana faɗa, ta ce a daina wannan shirme a kawo Baba Kaduna. Saloma ta ce mutumin da ke tsakiyar golmo ba ya barin gona, ta kashe wayar.

Kowace rana in ta dawo sai ta gwada. Ta bi ta bayan gida, ta tsaya inda haske zai faɗo mata a fuska, ta yi gyaran murya. Kowace rana sai ya saki garma ya durƙusa.

A gidansu ba madubi, tun da Sila ya fara faɗa da mutumin da yake gani a ciki aka kawar da shi. Wata safiya, dawa ta fara fitar da kai, tana jiran layi a ƙofar gidan caji sai ta jingina da wani babur da aka ajiye, idonta ya faɗa madubinsa. Ta ga tsage uku uku a kumatu sun nutse cikin tamoji. Ta ga leɓen ƙasa ya ɗan saki ta hagu, ta ga ido ya yi ruwan toka a gefe, ga baƙin rini ya zauna a kai kamar an kifa tukunya. Wannan fuskar ta san ta. Ita ce take zaune a ƙofar ɗaki a Dabai tana cewa saura damina ɗaya. Ashe Sila bai yi ƙarya ba, bai kuma yi hauka ba. Abin da ke gabansa yake gani.

Duk da haka ta shiga ta kwanta. Ina za ta je?

Gidan caji bai kai kaka ba. Wata Litinin tsofaffi suka taru suka tarar da kwado a ƙofa, an cire kyallen talla, ta taga ana hango ɗakin wayam. Aka ce sun koma wani gari, wasu suka ce Kwantagora, wasu suka ce Yawuri. Waɗanda za su sayi tabarma sun saya, sauran kuwa ba su da sauran amfani. Bayan kwanaki Saloma ta haɗu da Peculiar a kasuwa, ba farar riga, tana tayin manja. Ta riƙe mata hannu.

"Ɗiyata, gaya mani tsakaninki da Allah. Da na ƙara wata nawa zan iske shi?"

Peculiar ba ta gane ba sai da aka yi mata bayani. Da ta gane, bakin nan nata mai zuba ya mutu. Ta dubi ƙasa.

"Mama, ni ma ɗaukata anka yi aiki. Abin da anka ce in hwaɗi shi na hwaɗi. Ki yi haƙuri."

Saloma ta sake ta. Ko zagi ba ta samu ƙarfin yi ba, ita da ba a taɓa rasa zagi a bakinta ba.

Kaka ta yi, aka fara jin gangunan Uhola daga ƙauyuka. Sila ya rame, haƙarƙarinsa duk a waje, tafin hannunsa ya farfashe, amma gari na wayewa yana bayan gida yana saran busasshiyar ƙasa. Abin da ya tsaya wa Saloma a rai shi ne ganin tsoho yana kashe kansa don a ba shi abin da ya riga ya samu. Sai wata dabara ta zo mata, ta ƙarshe. Tunda ita ce Inna, ai Inna tana da ikon yafewa.

Ta same shi da hantsi, ta tsaya kansa, ta gyara murya irin ta uwarta.

"Soja."

"Na'am, Inna."

"Golmo ya cika. Aje garma. Yau da la'asar za a kawo maka matarka."

Bai ɗago ba. Ya dafa ƙasa da hannu biyu ya yi ta godiya, ya sa wa uwar albarka, ya sa wa uban albarka, har kakanni. Ranar da kansa ya ɗebi ruwa ya yi wanka. Ya sa kwat ɗinsa ta coci a kan gajeren wando, ya share zaure, ya zauna bakin gado ya miƙe baya, hannuwa kan gwiwa. Saloma ta leƙa ta kafar ƙofa ta ga yana murmushi shi kaɗai, yana sosa ƙeya.

A ƙasan akwatinta atamfar nan mai ruwan ganye tana nan, ta koɗe, asu ya ci gefenta. Ta yi wanka, ta shafa mai, ta zaga ta gidan Adama. Adama ta ga atamfar, ta ga idon ƙawarta, wannan karon ba ta yi zolaya ba. Ta lulluɓa mata ita har ƙirji, ta kama hannunta suka fito titi suka shigo ta ƙofar gaba kamar yadda ake shigo da amarya. A bakin zaure Adama ta ɗaga kai ta rangaɗa guɗa, muryar ta karye a tsakiya, ta tura ta ciki ta ja ƙofa.

Ta cikin zanen Saloma tana ganin inuwarsa. Ya tashi. Ya tako a hankali. Ta ji numfashinsa, ta ji warin sabulu da ƙasa. Zuciyarta tana bugawa kamar ta yarinyar da aka kawo daga Dabai.

"Sa-lo-ma," ya ce, can ƙasa, gaɓa-gaɓa.

Ta buɗe baki za ta ce ban mutu ba. Da ta sani da ta riƙe zanen nan da haƙori, ta zauna a cikinsa har ƙarshen ranta. Amma ya riga ya kama gefen, ya ɗaga.

Ya dube ta ido cikin ido, karo na farko tun ruwan shuka. Ta tsaya cak ta bar shi ya duba, ta tattaro duk abin da ya rage mata ta zuba a idonta. Murmushinsa ya ɗan jima a fuskarsa kamar bai san inda za shi ba. Sannan ya saki zanen kamar ya taɓa wuta, ya ja da baya, ya zube ƙasa ya rufe fuska da hannu biyu.

"Inna, ki yi mani aikin gahwara! Ban san ke ce ba. Wallahi ban sani ba."

Ta zame atamfar daga kanta.

"Na gane," ya ce. "Gwada ni kunka yi. Aikin bai cika ba, na yi gaggawa. Saura damina ɗaya. Zan yi, Inna, kar ku ba wani."

"Ba za a ba wani ba," in ji Saloma.

Ya rarrafa ya bi gefen bango don kada ya gifta ta gabanta. A bakin ƙofa ya tsaya, bai waiwayo ba.

"Inna, in ba laihi, ki gaya mata ta jira ni."

"Tana jira."

Ya fita. Jim kaɗan ta ji ƙarar garma a bayan gida tana dukan ƙasar da ba ta ga ruwa ba tun watan jiya. Saloma ta ninke atamfar, ta mayar ƙasan akwati, ta je ta hura wuta ta dama masa kunu. Ta kai ta ajiye a bakin kunya, sannan ta koma bayan ɗaki ta laɓe don ya samu ya sha.